Matakan Zaɓen Inshorar Rayuwa a Karon Farko

1. Ka fara da lissafa waɗanda kake ciyarwa, da bashin da ake bin ka, da kuɗin makarantar yara, domin wannan lissafi ne zai nuna yawan abin da iyalinka za su buƙata bayan ranka.

2. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, wato hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya.

3. Idan kana gudun kuɗin ruwa, ka nemi takaful na iyali, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon juna.

4. Ka faɗi gaskiya game da lafiyarka. Wannan ne ya fi muhimmanci, domin ɓoye rashin lafiya yana iya sa kamfani ya ƙi biyan magadanka.

5. Ka zaɓi tsarin da za ka iya biya ba tare da yankewa ba.