Yadda muka samo wa autarmu takardar saki a kotun Maraɗi

Autarmu ta dawo gida wata Laraba bayan la'asar, goyo a baya, ƙullin kaya a ka, da wata ƴar takarda dunƙule a tafin hannu. Shafi ne da aka yago daga littafin ɗan lakwal, an rubuta da jan bik: na sake ki. Ba kwanan wata, ba a faɗi saki nawa ba, ba sunan shaida ko ɗaya. Inna ta karɓa ta jefa cikin kwalla tare da tsofaffin takardun asibiti, ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Shekara ɗaya da rabi tana zawarci, sai wani malamin makaranta ya fito. Shi ma'aikacin gwamnati ne, yana son a rubuta auren a ma'aikatar magajin gari don ta shiga cikin takardunsa, ya ce a kawo shaidar mutuwar auren farko. Tsohon mijin na jin labari ya aiko wa Baba cewa saki ɗaya ya yi, kuma ya mayar da ita tun tana cikin idda, ita ce ta ƙi komawa, don haka matarsa ce. Daga nan na fara zirga-zirga a kan kabu-kabu tsakanin rumfata ta atamfa da mashara'anta, kuma abin da na koya a wannan hanya shi zan faɗa miki, ƴar'uwa.

Ki fara da sanin wane irin rabuwa ne naki, don ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. In miji ne ya furta saki, to aure ya riga ya mutu a addini, abin da ya rage shi ne alƙali ya tabbatar da hakan a rubuce. Wannan takarda sunanta da Faransanci certificat de répudiation, ki riƙe sunan don shi za a tambaye ki. In kuwa ke ce kika gaji, shi ya ƙi saki, to ƙara za ki shigar, alƙali ya raba auren, a ba ki takardar hukunci. Akwai kuma waɗanda suka ɗaura aure a gaban magajin gari a ƙarƙashin dokar farar hula da muka gada daga Faransa. Su nasu daban ne, baki ba ya kashe irin wannan aure sai hukuncin alƙali, kuma gara su nemi lauya. Amma yawancinmu a ƙofar gida ko a masallaci aka ɗaura mana, da waliyyi da sadaki da goro, mu al'ada ce ke hukunta mu.

Dalili kuwa, Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙuri a shekarun 1990, aka sake yi a 2011, duka biyu suka watse. Dokar tsarin kotuna ta 2018 ta bar maganar aure, saki, riƙon yara da gado a hannun al'adar masu shari'ar, muddin ba ta ci karo da dokar ƙasa ba. Al'adarmu a nan kuwa ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Shi ya sa za ki tarar da alƙalin gwamnati, wanda ya yi karatunsa da Faransanci, zaune da dattawa masana al'ada a gefensa suna ba shi shawara, hukunci kuma nasa ne. Wani abu da mata da yawa ba su sani ba: in al'adar miji da ta mata sun bambanta, ta matar ake bi in ƴar Nijar ce. Ko mijinki Bazabarme ne ko ɗan Jibiya, al'adarki ce a gaba.

Kusan kowa da mai unguwa yake farawa, ko ya je wurin alƙalin fadar Sarkin Katsinar Maraɗi, mutanen Gobir su nufi Tibiri, wasu kuma wajen malaman ƙungiyar addinin Musulunci. Ban raina wannan hanya ba ko kaɗan, sun fi sauri, da Hausa ake komai, kuma sun ɗinke aure da yawa da kotu ba za ta iya ɗinkewa ba. Sai dai ikon da doka ta ba sarakuna na sulhu ne. In an sasanta su rubuta, in an kasa su rubuta cewa an kasa. Kada ki fito daga can hannu rabbana. Ki nemi takardar, ki ɗauke ta zuwa kotu, don ofisoshin gwamnati hatimin kotu suke nema.

Mu da ke cikin gari babbar kotun Maraɗi muke zuwa. In kina Tasawa, Madarumfa, Gidan Rumji, Dakwaro, Mayahi ko Agiye, kowace tana da kotunta, ba sai kin biya kuɗin mota zuwa nan ba. Ki yi sammako, kuma ki guji Juma'a don rabin wuni ake aiki. Ki tafi da katin ɗan ƙasa, takardar haihuwarki da ta yara, takardar aure in akwai, da duk wata shaida ta sakin. In babu takardar aure kada ki karaya, irinmu sun fi yawa. Waliyyinki da mutum biyu da suka halarci ɗaurin auren za su iya tsaya miki. Kina shiga ki tambayi ofishin magatakarda, wanda ake kira girefiye, ki ce maganar aure ce ta al'ada. Rashin iya rubutu ba ya hana ƙara, da baki ma ana faɗa a rubuta. Za a ba ki sammaci a kai wa mijin, da ranar zama. Ki riƙe ɗan kuɗin tambur da fotokofi, kuma duk dalar da kika biya ki karɓi rasiɗinta. Wadda ba ta da ƙarfi ta tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a.

Sammacin nan kada ki kai shi da hannunki. Mun ba mai unguwarsu ya damƙa masa a gaban mutane, don kada gobe ya ce bai gani ba.

Ranar zama aka shigar da mu wani ɗan ofishi, fanka na kaɗa takardu a kan tebur, an danne su da kwalin tambur. Autar ta zauna a bakin benci ta ja mayafi har goshi. Alƙali ya fara da neman sulhu, haka tsarin yake, ko da kowa ya san ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya tambaye ta ko akwai sauran zama, ta girgiza kai. Ya ce ta buɗe baki, kai ba ya shiga rajista. Ta ce, "Ranka ya daɗe, babu." Sai ya juya ga mijin, shi kuwa ya maimaita maganar kome. Ɗaya daga cikin dattawan, wani tsoho mai farin rawani da tun shigarmu bai ce uffan ba, ya ɗago ya ce, "Malam, ran da ka maishe ta, wa ka shaida ma?" Shiru. "Ka aika wa uban ɗiya? Ka kai ko tiya guda ta hatsi cikin iddar?" Mijin ya ce a zuciyarsa ya yi niyya. Tsohon ya ce, "To, zuciya ba ta zuwa shaida." Kawun mijin da maƙwabcin da aka yi sakin a gabansu suka faɗi abin da suka ji da watan da aka yi, ya dace da ƴar takardar nan ta jan bik, wadda ruwan damina ya riga ya cinye rabinta a cikin kwallar Inna. Alƙali ya tabbatar da saki, ya tabbatar idda ta cika tun tuni.

Da a makon da aka yi sakin muka je, da zama ɗaya ya ishe mu, don a lokacin shi kansa yana cika baki a majalisa cewa ya kore ta. Wannan shi ne babban kuskurenmu. A je tun shaidu na kusa, tun miji bai tafi Agadas ko haƙar zinariya ko Libiya ba, tun bai ji wani na nema ba. Yanzu da ake saki ta waya, in saƙon murya ya turo ta WhatsApp, ki tura wa yayanki da waliyyinki nan take, waya na iya faɗawa ruwa. Ku kuma maza, in kun rubuta takarda ku sa rana, ku faɗi ko saki na nawa ne, ku sa shaidu biyu, Alƙur'ani ma a Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce a kafa shaidu biyu adilai.

Wadda ita ce mai neman rabuwa, ta shirya dalilinta da shaidarsa. Duka, ki kawo takardar likita da wanda ya raba ku. Rashin ci da sha, ki kawo wanda ke ciyar da ke. Miji ya yi tafiya shekaru ba aike ba waya, ki kawo danginsa ko mai unguwa. Wannan yana da muhimmanci saboda sadaki. A mazhabarmu, in cutarwa ta tabbata ana raba aure ba tare da mace ta mayar da komai ba. In kuwa ba laifin da za a kama shi da shi, zama ne kawai ba ta so, to hul'i ne, ta fanshi kanta, yawanci da mayar da sadaki. A nan ake dogon ja-in-ja, don wasu mazan har kuɗin goro da na akwati suke lissafowa. Ki bar alƙali ya yanke, kada a tsare ki a zaure a sa ki amsa abin da gidanku ba zai iya biya ba.

Kafin a tashi daga zaman, ki tabbatar an yi maganar yara: wa zai riƙe su, nawa uba zai riƙa bayarwa a wata, da ranar da zai riƙa ganinsu. A sa adadin a cikin takarda. "Zan riƙa yi daidai ƙarfina" ba ya sayen magani. Haka kayan ɗaki, ki zo da lissafinsu tun daga gado har kwanoni. Idda kuwa tsarki uku ce, mai ciki sai ta haihu.

Hukunci a baki ba takarda ba ne, sai kin koma wurin girefiye bayan an buga an sa hannu. Ranar da aka yanke, ki roƙe shi lambar hukuncin da kwanan wata, ki rubuta a wuri biyu. Da su ake neman kofi ko bayan shekara goma. Na ga wata dattijuwa a can tana neman takardar sakin ƴarta, abin da kawai ta riƙe shi ne shekarar da aka yi fari, yaron ofis na ta buɗe manyan rajistoci ɗaya bayan ɗaya. Kofin kuma a kotun da ta yi shari'ar kaɗai yake, wadda aka raba aurenta a Tasawa ba za ta same shi a Maraɗi ba. In hukuncin raba aure ne, ki tambayi kwanakin da aka ba ɗaya ɓangaren na ɗaukaka ƙara, in sun wuce ki karɓi takardar da ke nuna ba a ɗaukaka ba, kafin a sa ranar wani aure.

In an miƙo miki takardar, kada ki fita sai wani mai karatu ya duba sunaye harafi harafi ya gwada da takardar haihuwa. Mu a nan muka yi tuntuɓe: sunan gida muka faɗa, alhali a takardar haihuwarta cikakken sunan yanka ne da ƙarin harufa irin na rubutun Faransanci. Laifinmu ne, ya ci mana mako biyu kafin a gyara.

Saura mataki ɗaya. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta sa saki cikin abubuwan da ake rubutawa, kamar haihuwa da aure da mutuwa. Ki kai takardar kotu sashen rajista na ma'aikatar magajin gari, garin Maraɗi da'ira uku ne, ki je wadda aka rubuta aurenki a cikinta in an taɓa rubutawa, don a sa alama a gefen rajistar auren. A nan kuma za a buga miki hatimi a kan fotokofi. Mun yi guda huɗu. Ɗaya ta tafi wurin malamin makarantar, ɗaya tana hannun Baba, biyu suna wurina. Ta asalin na sa ta a leda na rufe cikin akwatin ƙarfe a rumfa, Inna ta nemi in ba ta ta ajiye, na ce a'a.