Sabon wabsait ɗinka ba ya fitowa a Google? Ga yadda za ka gane ko hukunci ne, da yadda ake fita

'Yan uwa masu sana'a a Nima da Maamobi har zuwa Aboabo can Kumasi, yanzu kowa na son wabsait, mai turare, mai yadi, mai shirya tafiyar Umara, sai a biya yaro ya haɗa, bayan sati biyu ka rubuta sunan kayanka a Google shiru kake ji, sai hankali ya tashi wai Google ya hukunta ka. Dakata tukuna. Yawancin sabbin shafuka ba hukunci aka yi musu ba, Google ne bai san su ba tukuna, kuma in ka sha maganin ciwon da ba shi ke damunka ba to ka ƙara wa kanka wani.

Fara da wannan, ka rubuta site: a Google sai adireshin shafinka a manne ba tazara. In shafuka sun fito, to kana cikin rumbunsu, matsayi ne dai ba ka samu ba, wannan kuwa yakan ɗauki watanni. In babu ko ɗaya, kuma da WordPress aka haɗa maka shafin, ka shiga cikinsa wajen Settings sai Reading, akwai ɗan akwati da ke hana injinan bincike ɗaukar shafin, masu haɗawa suna sa mishi alama lokacin da suke aiki sai su manta ba su cire ba. Wallahi wannan ɗan akwatin kaɗai ya hana mutane da yawa barci. Cire alamar.

Daga nan sai ka buɗe Google Search Console, inda Google ke nuna maka halin da shafinka ke ciki, kyauta ne, kuma don Allah da imel ɗinka za a buɗe ba na yaron da ya haɗa ba. Ka tura Sitemap, wato jerin shafukan wabsait ɗinka, a can, sannan ka duba wurin da aka rubuta Manual actions. In ma'aikacin Google ne ya duba ya ga laifi, a nan za a rubuta maka laifin da shafukan da abin ya shafa. In ka ga koren alama babu matsala, to babu hukuncin hannu a kanka. Ka leƙa Security issues ma da ke ƙasa da shi, don wani lokaci kutse aka yi aka cusa maka shafukan caca ba ka sani ba.

To me ke jawo wa sabon shafi hukunci na gaske? Babba shi ne sayen linki. Za ka ga wani a WhatsApp yana cewa turo sidi kaza ta Momo zan sa shafuka dubu su nuna naka cikin kwana uku ka hau shafin farko, kai kuma ga zumuɗi ga kuɗin haya na jira sai ka tura. Tun Afrilun 2012 Google ya fito da wani tsarin gano linkin bogi mai suna Penguin don irin wannan, daga 2016 kuma ya zama kullum yana aiki, galibi ya yi watsi da linkin ka yi asarar kuɗinka, in abin ya yi yawa kuma a sa maka hukuncin hannu. Abin yana min ciwo sosai, don waɗanda ake cuta ƙananan 'yan kasuwa ne masu neman na abinci.

Sai tsohon suna. Wani domen ɗin, wato sunan adireshin wabsait, da ka saya kana murna an taɓa amfani da shi wajen shara, ka sa shi a Wayback Machine, shafin da ke ajiye tsofaffin kwafin wabsait, ka ga me aka yi da shi a da kafin ka biya. Sai kuma kwafe rubutun mutane, ko a sa AI ta zubo shafuka ɗari marasa amfani don kawai a hau sama, wanda Google ya ƙara tsaurara doka a kanshi a Maris 2024.

In hukuncin hannu ne, ga yadda ake fita. Ka gyara laifin gaba ɗaya ba rabi ba. In linki ne, ka tuntuɓi masu shafukan su cire, waɗanda suka ƙi ko ba a same su ba ka jera su a fayil ka tura ta Disavow, wato ka ce wa Google ba ruwanka da su. Amma a yi hattara, wannan ba abin wasa ba ne, in ba saya ka yi ba kuma ba hukunci a kanka to bar shi, kar ka je ka yanke linki masu kyau da hannunka. Bayan nan ka danna Request review ka faɗi gaskiya, ga abin da aka yi, ga abin da na cire, ga shaida. Amsa na iya ɗaukar kwanaki ko makonni, kar ka sake turawa kafin su amsa.

In kuma ba saƙo amma baƙi sun ragu farat ɗaya, to mai yiwuwa sabunta tsarin Google ne ya taɓa ka, in shi ne kuwa babu wanda za ka roƙa. Ka goge shafukan banza, ka rubuta abin da kai kaɗai ka sani, farashi da sidi, hoton kayanka na gaske, yadda kake aika kaya Tamale ko Bawku, inda shagonka yake, lambar da in an kira za a ɗauka. Ka gwada shafin a ƙaramar waya da data ba da wayifai ba, don da ita kwastomominka ke shiga. Farfaɗowa na iya kai watanni, kafin nan ka yi rajistar shagon a Google Business Profile, shi ma kyauta ne, don mai nema a unguwarku ya gan ka a taswira.