Yadda Na Haɗa Wa Baba Allon Dara Mai Fitila

Baba ba ya fashin dara bayan sallar isha'i a majalisarsu ta ƙofar gida, nan Tudun Wada. Matsalar ita ce da zarar an ɗauke wuta sai ka ga dattawa sun duƙa, ɗaya riƙe da tocilan, ana gardamar ko ɗan wane ne a gurbin nan. Idon Baba kuma ya fara rauni. Wannan ya sa na zauna na haɗa masa allon da kowane gida ke haska kansa.

Na fara da kasuwar Panteka ta Kaduna, inda kafinta ya yanka min filawud mai tsawon santimita 42 da faɗin 36, ya yi masa bango mai zurfin santimita 4 kamar akwati, don wayoyi su ɓuya a ciki. Kayan wuta kuwa a Kasuwar Gumi na same su wajen masu kayan gyaran rediyo: ƙananan ƙwayayen LED farare masu kaurin milimita 5, rizisto mai om 220, siririyar waya, makunni da dalma. Gidajen dara 30 ne, layi 5 kowanne da gida 6, amma ka sayi ƙwai 35, don sai wani ya mutu a hannunka. Ka nemi tsohuwar wayar cajin USB da fawa banki.

Ka ja layuka da fensir, tazarar santimita 6 tsakanin gida da gida, ka huda tsakiyar kowanne daidai kaurin ƙwan. Kafin ka soka su, ka goge kan kowane ƙwai da sanfefa har ya dushe, ya zama kamar hazo. Mutane na raina wannan aikin, ni kuwa a wurina shi ne rabin allon. Ƙwan da ba a goge ba haskensa tsinke ne, yana sukar ido, dattijo ba zai jure shi na minti goma ba. Wanda aka goge kuwa haskensa bajewa yake yi a hankali.

Yanzu ka kifa allon. Kowane ƙwai ƙafa biyu gare shi: doguwar ita ce ta wuta, gajeriyar ita ce ta komawa. Ka like rizisto ɗaya a jikin doguwar ƙafar kowane ƙwai da dalma. Kowanne da nasa, kar ka yi tsumulmula. A gwajina na farko na haɗa ƙwai uku kai tsaye ba rizisto, suka yi wani irin haske mai ƙarfi, suka ɗau zafi, suka mutu. Dalili shi ne USB bolt 5 yake bayarwa, farin ƙwai kuwa wajen bolt 3 yake buƙata, rizisto ne ke shanye rarar. Za ka gane mai om 220 da zobban jikinsa: ja, ja, ruwan ƙasa.

Daga nan ka shimfiɗa waya biyu a kowane layi, ɗaya ta bi ƙarshen rizistocin, ɗaya ta bi gajerun ƙafafu, kuma kar ka bari su taɓa juna. Ina gama layi ɗaya nake gwada shi kafin in wuce, domin neman ƙwan da aka juya wa ƙafa cikin 30 wahala ce. Ka yanke kan wayar cajin mai shiga wayar salula, ka bar wanda ke shiga fawa banki, za ka ga ja da baƙa a ciki. Jar ta bi ta makunni zuwa rizistoci, baƙar ta tafi gajerun ƙafafu. Ka naɗe mahaɗan da salatif ɗin wuta. Gaba ɗaya allon bai kai miliyamfa 300 yake ja ba, shi ya sa fawa banki mai ƙarfin mAh 10,000 ke kai mu kwanaki kafin a sake caji. Don Allah kar wani ya jona shi kai tsaye da wutar soket, akwai yara a gida.

'Ya'yan dara su suka fi ba ni daɗi. Na sa ƙannena suka tara murafan robar lemo, ja 12, kore 12, muka wanke su. Ka zaɓi marasa kauri, ka ɗaga su a rana, in haske na ratsawa sun yi. Kana kifa murfi a kan gida sai ya kama da launinsa, gidan da ba kowa ya zauna fari. Wanda ya jera uku ba ya buƙatar rantsuwa, layin na nan yana ƙyalli.

Daren da na kai shi majalisa, Baba ya shafa gefen allon da tafin hannu, ya ce, "Kai ka yi wannan da hannunka? Allah ya yi maka albarka." Abokin wasansa ya kifa jan murfi a gidan tsakiya, ya ce in ƙara ɗan katako a kewaye kowane gida don kar murafan su riƙa zamewa in an buga gwiwa. Tsinken tsire na yanyanka na manna da gam, washegari suka ɗora daga inda suka tsaya.