Darasi na 7: Ƙwayoyin Halitta Iri Biyu

Idan aka bar madara a ƙwarya ta kwana, da safe za a tarar ta yi tsami ta zama nono. Idan mai gidan burodi ya kwaɓa fulawa da yis, kafin wani lokaci ƙullin ya kumbura. Duka ayyukan biyu wasu ƙananan halittu ne ke yin su, waɗanda ido ba ya gani. Amma mai tsamar da madara da mai kumbura ƙullu ba dangi ɗaya ba ne.

Kowane mai rai, da mutum da kuka da sauro, da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kamar yadda ake jera tubali a tayar da katanga. Wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin bakteriya, wasu daga cikin ƙananan halittun nan, da madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa. A 1683 ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba, sai ya ga abubuwa suna ta wutsil-wutsil.

Bukka da gida

Iri na farko ana ce masa prokariyot. Ku ɗauke shi kamar bukkar mai gadin gona: ɗaki ɗaya ne, a nan ake girki, a nan ake kwana, a nan tabarma da kwano suke. Saƙon gadonta, wato DNA, yana nan a fili ba a killace ba. Bakteriya duka haka suke, har da na nono da na daddawa. Ƙanana ne ƙwarai. Sai an jera kimanin 500 zuwa 1,000 kafin su cika milimita ɗaya, ɗan layin nan mafi ƙanƙanta a jikin rula.

Iri na biyu shi ne yukariyot, gida sosai mai sassa. Akwai ƙuryar ɗaki inda aka adana DNA, ana kiranta nukiliyas. Akwai madafa inda ake ƙona abinci a sami ƙarfi, sunanta mitokondiriya. Ƙwayoyin ganye kuma suna da wani koren sashe, kuloroplas, mai haɗa abinci da hasken rana. Mutum da dabba da tsiro da yis duk 'yan wannan gida ne, kuma ƙwayarsu takan ninka ta bakteriya tsawo sau goma ko fiye.

Kada dai a raina mai bukka. Wata bakteriyar hanji, idan ta sami ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu duk minti 20. Cikin awa 7, guda ɗaya ta haura miliyan 2. Shi ya sa miyar da aka bari a buɗe lokacin bazara ba ta kai dare.

Wa ya riga wani?

Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarun duniya da kusan biliyan 4.5. A yankin Pilbara na Ostireliya an sami duwatsu masu hawa-hawa da tarin ƙananan halittu suka gina kimanin shekara biliyan 3.5 da suka wuce. Daga nan har fiye da shekara biliyan 1.5, masu bukka ne kaɗai a doron ƙasa. Babu ciyawa, babu kifi, kuma da farko ko iskar oksijin da muke shaƙa babu. Wasu korayen bakteriya ne suka riƙa fitar da ita a hankali, har ta fara taruwa a sararin sama wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Danginsu na nan har yau. A tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi, matan Kanembu suna kwasar koren kumfan saman ruwa, su shanya shi a kan rairayi, su kai kasuwa a saya a yi miya. Suna ce masa dihe.

To, ta yaya bukka ta zama gida? Nan ne wurin da ya fi ba ni mamaki a duk darasin. Wata masaniya 'yar Amurka, Lynn Margulis, ta kawo hujjoji a 1967 cewa wata tsohuwar ƙwaya ce ta haɗiye bakteriya amma ba ta narkar da ita ba. Baƙuwar ta zauna a ciki tana samar da ƙarfi, mai masauki na ba ta abinci da mafaka, har aka zama ɗaya, baƙuwar ta zama mitokondiriya. Da farko an ƙi yarda da maganar. Daga baya aka tabbatar mitokondiriya tana da nata DNA, a zagaye kamar na bakteriya, kuma tana rabuwa biyu irin tasu. Kowannenmu daga wajen mahaifiyarsa ya gaji tasa.

Amfaninsa a kantin magani

Bakteriya tana da wata katanga a bayan fatarta wadda ƙwayoyin jikinmu ba su da ita. Penisilin da amoksisilin wannan katangar suke hana ginuwa, sai bakteriyar ta fashe, mu kuwa ba su tarar da irinta a jikinmu ba. Kwalara da taifot da tarin fuka duk bakteriya ke kawo su, kowanne da maganin da ya dace da shi. Amma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro yukariyot ce, ba ta da wannan katangar. Wanda ya sha amoksisilin don maleriya ya yi asarar kuɗinsa, cutar kuma tana nan tana cin jininsa. Don Allah, musamman idan yaro ne ke zazzaɓi, a yi gwajin jini kafin a sayi magani.

Aikin gida

Ku sami kofi biyu. Ku zuba ruwan ɗumi da cokali ɗaya na sukari a kowanne, sannan ku sa ɗan yis a guda ɗaya kawai. Bayan minti 15 ku duba, ku rubuta abin da kuka gani a jimla biyu.

A littafinku ku zana bukka da gida. Ƙarƙashin wanda ya dace ku rubuta waɗannan: yis, bakteriyar nono, ganyen zogale, dihe, ƙwayar maleriya.

Idan bakteriya ɗaya tana rabuwa duk minti 20, guda nawa za a samu bayan awa 2?