Yadda ake shirya zagaya duniya a ƙafa

Ƙafa ba ita ce ke kayar da masu wannan tafiya ba. Duk mai lafiya, idan ya yi wata biyu a kan hanya, jikinsa zai saba da kilomita 30 a rana. Abin da ke mayar da mutum gida shi ne biza, ruwa, da shiga ƙasa a lokacin da bai dace ba. Saboda haka shirin yana farawa ne da lissafi a kan takarda.

Ƙungiyar da ke tantance masu zagaya duniya da gudu ko tafiya, World Runners Association, ta sa ƙa'idar aƙalla kilomita 26,232, a ratsa nahiyoyi huɗu daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, a kuma ƙare inda aka fara. Teku ana ƙetare shi a jirgi. A ce kana yin kilomita 30 a rana, kwana biyar a mako, wato 150 ke nan. Kusan shekara uku da wata huɗu za ka kwashe, ban da jinya da zaman jiran takardu. Dave Kunst, Ba'amurken da aka fara tabbatar wa da wannan tafiya, ya tashi a 1970 ya dawo a 1974. Jean Béliveau ɗan Kanada ya bar Montreal a 2000, bai koma ba sai 2011, bayan ya taka kusan kilomita 75,000 a ƙasashe 64.

Biza ita ce ke zana hanya. Ƙasashen Turai na yankin Schengen kwana 90 kawai suke bai wa baƙo a cikin kowane 180. Ko ba ka huta ba ko na yini guda, kilomita 2,700 ke nan, alhali daga Fotugal zuwa iyakar Turkiyya ya zarce haka nesa ba kusa ba. Dole ka tsara inda za ka fita yankin ka yi wata uku kana jira. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar wahalarsa ta fi yawa, domin ofisoshin jakadanci da dama ba sa karɓar takardarka sai a ƙasar da kake zaune, ga shi kuma bizar da ka karɓa a Abuja ko Yamai tana iya mutuwa kafin ƙafarka ta kai bakin iyaka. Abin yi shi ne a yanka tafiyar gunduwa-gunduwa: ka tsaya a wuri, ka ɗauki alamarsa da GPS da hoto, ka koma gida ka nemo biza, ka dawo daidai wurin ka ɗora. Karl Bushby, Baturen Ingila da ya taso daga kudancin Chile a 1998, ya ratsa mashigin Bering, ruwan da ya raba Alaska da Rasha, a kan ƙanƙara a 2006, amma takardun Rasha suka cinye masa shekaru. Ka yi fasfo mai shafuka da yawa, ka riƙe katin rigakafin shawara tare da shi.

Bayan biza sai yanayi. Hamadar Ostareliya ana ratsa ta tsakanin Mayu da Satumba, lokacin sanyinsu. Tsakiyar Asiya kuwa bazara ko kaka, don rani yana gasa mutum, hunturu yana daskarar da ruwan jarka. Tsakanin Panama da Kolombiya babu titi, sai dajin Darién. Mafi yawa jirgi suke hawa su tsallake.

Kada ka ɗauki kaya a baya. Jaka mai kilo 20 ta isa ta lalata gwiwa cikin shekara. Masu dogon zango amalanke suke turawa, galibi keken tura jariri mai ƙafa uku irin wanda Béliveau ya yi amfani da shi. Zaɓi mai taya inci 20 ko 16, don ana samun irinsu a wurin kowane mai gyaran keke. Taya mai wani girma na daban, ranar da ta fashe a ƙauye, zama ya kama ka. Riƙe tub biyu, kayan faci, famfo, wayoyin ƙafa kamar shida da boris na canji. Ɗora jarkokin ruwa a ƙasa, daidai kan gatarin ƙafafun baya. Idan nauyi ya koma gaba, ƙafar gaba za ta riƙa karkata, kafaɗa ɗaya ta yi ta ciwo ba ka san dalili ba.

Ruwa shi ne nauyin gaske, kowace lita kilo guda ce. A zafi mai tafiya yana shan lita 6 zuwa 8 a rana, ban da girki da alwala. A titin Eyre na kudancin Ostareliya akwai inda za ka yi kusan kilomita 190 tsakanin gidan mai da gidan mai. Kwana shida ke nan, lita 40 da ɗoriya. Raba ruwan a jarkoki ƙanana huɗu ko biyar, don idan ɗaya ta huje ba a yi asarar duka ba. Shan ruwa zalla ana ta gumi yana kawo jiri da ɗaurewar jijiya, saboda gishirin jiki ya zube. Haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa. Idan fitsari ya yi ja ya ragu, nemi inuwa ka zauna.

Takalmi ɗaya yana kai kilomita 1,000 zuwa 1,400; Kunst ya kashe 21, Béliveau 54. Sayi wanda ya fi ƙafarka da lamba ɗaya, domin ƙafa tana kumbura da rana, kuma matsatsen takalmi shi ke baƙanta farce har ya fita. Bororo yana zuwa ne daga danshi da gugar fata. Duk bayan awa biyu cire takalmi da safa, bar ƙafa ta sha iska minti goma, sauya safa, ka shanya jiƙaƙƙiyar a jikin amalanke. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, manna filasta tun bai tashi ba. Watan farko kada ka wuce kilomita 20. Ciwon ƙwauri da na agara kusan duk daga gaggawar makonnin farko suke.

Abinci mai arha mai riƙe ciki ake nema, shinkafa, taliya, gyaɗa, dabino da mai. Risho mai aiki da fetur ya fi mai gas, tunda fetur babu inda ba a sayar da shi.

Mota ta fi ɗan fashi haɗari. Yi tafiya kana fuskantar motoci, sa riga mai ƙyalli, ka sauka daga titi kafin magariba. Karnuka ma sai an yi da su, musamman manyan karnukan makiyaya na Turkiyya: kada ka gudu, sa amalanke tsakaninku, ka ja da baya a hankali. A yi rigakafin haukan kare tun a gida, kuma ko da shi, in an cije ka wanke wurin da sabulu minti 15 ka nufi asibiti. Ƙasar da ake yaƙi a zagaye ta. A Afganistan aka harbe ɗan'uwan Kunst a 1972.

Batun kwana, dabarar alhazan da suka riƙa bin Chadi da Sudan zuwa Makka a ƙafa tana nan da amfaninta: a shiga gari da sauran rana, a yi sallama da mai gari ko limami, a nemi izini kafin a kafa tanti. Inda babu gari, ka yi nisan mita 200 daga titi, ka ci abinci tun da haske, kada ka kunna fitila, kuma kada ka kafa tanti a busasshen rafi ko da sama tana tas.