Yadda Ake Canza Ƙeyar Mariƙin Fistol Mai Jikin Roba

Na yi shekaru ina kula da ma'ajiyar makamai a nan Sakkwato kafin in ajiye kaki, kuma ba abin da ya fi ba ni haushi irin jami'i ya dawo mini da fistol ya naɗe mariƙinta da robar tayar keke, wai don ta cika masa hannu. Da zafin watan Afrilu ya taso, gumi ya shige ƙarƙashin robar, ƙura ta bi baya, sai mariƙin ya koma kamar sabulu. Alhali a cikin akwatin da bindigar ta zo akwai 'yan ɓallayen roba da aka yi domin wannan matsalar. Ni ƙeya nake ce musu, tunda a bayan mariƙi suke zama, inda tafin hannu yake kwanciya.

Da jami'ai nake magana. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin bindigogin da farar hula ba ya mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Kai ma jami'in, kayan hukuma ne a hannunka, don haka a gaban mai kula da ma'ajiya za a yi aikin.

Zan ɗauki fistol ƙirar Glock, ta ƙasar Austriya, don ita ta fi ratsa hannuna. Sai daga samfurin Gen4 na 2010 suka fara zuwa da ƙeyar canji, Gen5 na 2017 ma haka. In Gen3 ce a hannunka, kada ka wahalar da kanka. A Gen4 da Gen5, mariƙin tsirara, wato wanda ba a ɗora wa ƙeya ba, shi ne mafi ƙanƙanta. Ƙeya mai alamar M tana ƙara milimita 2, mai alamar L kuma milimita 4. Ka ji kamar ba komai, amma ga yatsa tazara ce babba.

Kafin ka taɓa komai, zare magazin, wato gidan harsasai. Ja silaid, wato ƙarfen saman bindiga mai zamewa, baya ka maƙale shi, ka leƙa inda harsashi yake kwanciya, ka kuma sa yatsa ka taɓa. Sau biyu nake yi, bakin bindiga na kallon inda ba kowa, harsasai kuwa a wani ɗaki daban. Sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Fil ɗin da za ka cire baƙi ne siriri, in ya faɗa cikin yashin garin nan sai dai ka yi masa addu'a.

A saman mariƙi ta baya akwai fil guda da ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Shi yake riƙe mazaunin kayan kunama. Tura shi waje da ɗan tsinken da ya zo cikin akwati, da ƙarfin hannu kawai. Guduma ba ta da aiki a nan. Ɗauko ƙeyar, ka fara maƙala ƙugiyarta ta ƙasa a gindin mariƙi, sannan ka danna samanta har ta kwanta lif, hudojinta su yi daidai da na jikin bindiga.

A nan mutane suke tafka kuskure. Fil biyu bindigar take zuwa da su, gajere da dogo. Gajeren na mariƙi tsirara ne. In ka ɗora ƙeya, dogon za ka sa, don shi kaɗai yake kaiwa ya kama kunnuwan ƙeyar ta ɓangarorin biyu. Na taɓa ganin wanda ya mayar da gajeren, ƙeya na lilo a tafinsa, yana ta zagin masu ƙera ta. Tura dogon har ya shafe daidai ta kowane gefe, ka shafa da babban yatsa ka ji ba inda ya turo kai. Gajeren kuma ka ƙulle shi a leda ka mayar akwati, wanda za a ba bindigar bayanka zai neme shi.

Smith & Wesson M&P ta fi sauƙi: akwai ɗan sanda a gindin mariƙi, ka murɗa shi rubu'in zagaye ka zare, ƙeyar ta fito.

To, wacce za ka zaɓa? Samarinmu kowa L yake so, kamar girman ƙeya shi ne girman jarumta. Ɗan'ali, yatsan nuni, shi ne alƙali. Riƙe bindigar ba harsashi, ƙeyarta ta zauna a tsakiyar lungun babban yatsa da ɗan'ali, bakinta ya miƙe da damtsenka. In tsokar gaɓar farko ta ɗan'ali ta kwanta a kan kunama ba tare da ka karkata hannu ba, ka dace. In sai ka murɗa tafi kafin ka kai, ta yi maka girma. In yatsan ya zarce har gaɓa ta hau kunama, ƙara girma. Ka kuma gwada ko babban yatsanka na isa maɓallin sakin magazin.

Wata yarinya kurtu ta taɓa zuwa wurina ranta a ɓace, ta ce, "Baba, ni dai harbi ba rabona ba ne, kullum gefe nake zubarwa." Na ce, "'Yata, miƙo hannunki in gani." Ɗan hannu ne, ga L a jikin bindigar, gadon wanda ya riƙe ta kafin ita. Muka cire ƙeyar gaba ɗaya, muka mayar da gajeren fil.

Da ka gama, ja silaid sau uku ka ji yana tafiya sumul. Sake tabbatarwa ba harsashi, ka danna kunama, ka ja silaid kana riƙe da ita, ka sake ta a hankali har ka ji ƙas. Sa magazin da ba komai a ciki, ka danna maɓalli ka ga ya faɗo da kansa. Ka gwada ta cikin kubenta, musamman in ƙeya mai dogon leɓe ta sama ka sa, don wani kuben fatar da dukawanmu suka ɗinka maɗaurinsa ba ya rufuwa a kanta. Kada ka fita aiki da sabuwar ƙeya sai ka je filin harbi ka gwada ta tukuna.