"Ai tunani ne": kurakuran da muke yi tsakanin damuwa da lafiyar jiki

Gwaggona ta shekara uku tana shan maganin hawan jini. Washegarin da aka kai autarta ɗakin miji, sai ta tattara ƙwayoyin ta zuba a wani tsohon kwanon samira ta tura ƙarƙashin gado. Na ce, "Gwaggo, yaya haka?" Ta ce, "Ɗan nan, ai tunanin yarinyar nan ne ya jawo mini shi. Yanzu Allah ya sauke mini nauyi, me zan yi da ƙwaya?" Bayan wata biyu, da jiri ya kusa kayar da ita a bakin murhu, muka kai ta kemis aka auna, aka samu 178 bisa 104.

Maganar gwaggo ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa kuskuren yake da wuyar gyara. Idan hankalin mutum ya tashi, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, awo ya hau. Wanda ya daɗe cikin damuwa kuma barcinsa kan lalace, wani ya yawaita ci, wani ya koma sigari. Amma hawan jinin da ya riga ya zauna yana da wasu saiwoyin: gado, shekaru, ƙiba, ciwon ƙoda, da gishiri da dunƙulen magi da muke antayawa a miya. Auren 'ya bai cire ko ɗaya daga cikinsu ba. Kuma ciwo ne mai shiru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan rabin masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba. Don haka "ina jin daɗin jikina" ba awo ba ne. Gyaran a nan shi ne kada a ajiye magani sai da sanin likita, a riƙa aunawa bayan an zauna an huta kamar minti 5, a rubuta lambar a littafi, in ta tsaya a 140 bisa 90 ko sama a koma asibiti. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yaji.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne wanda muke yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya zo da ƙunci, a dafa kafaɗarsa a ce, "Haba, ka cire abin nan a ranka." Da ana cirewa ai da tuni ya cire. Gwada yanzu ka hana kanka tuna miyar taushe na minti ɗaya, ka ga ko ba ƙamshinta za ka fara ji ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya nuna haka a gwajin da ya wallafa a 1987: tunanin da aka yi ƙoƙarin dannewa ya fi dawowa da ƙarfi.

Mutanen Zimbabwe suna da kalma a harshen Shona, kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Harare, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna, tsohuwa ta saurare shi har ya gama, sannan su jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa ya zaɓi guda wadda zai iya taɓawa a wannan makon. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Ka lura, babu inda tsohuwar ta ce a cire abu a rai. Wannan kowa zai iya kwaikwayo. Idan bashi ne ke hana ka barci, ɗauki biro: nawa ne, na wa, wanne ya fi gaggawa, wa za ka je ka roƙa ya ƙara maka wata ɗaya. Bashin na nan, amma ya fita daga kanka ya koma takarda, inda yake da iyaka. Wasu ma kan ware kwata ɗin awa bayan la'asar don wannan lissafi, in tunanin ya taso da tsakar dare su ce masa sai gobe.

Sai batun ta ciki na ciki. An raine mu a kan haƙuri maganin zaman duniya, kuma haka ne, amma mun haɗa haƙuri da rufe baki. Abin da baki ya ƙi faɗa jiki kan faɗa: ciwon kai kullum, faɗuwar gaba, kasala, "wani abu na yawo a jikina". Daga nan sai a shiga zagayen maganin maleriya da taifod, a sha a sake sha, a ƙara da ƙarin ruwa, ba a taɓa tambayar mutum yadda zuciyarsa take ba. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, ga rashin barci ko rashin cin abinci, wannan ciwon damuwa ne da ke da magani. A faɗa wa likita ƙarara, ko da bai tambaya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, wadda a sunanta ma mahaukata take kiran marasa lafiya. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

In iyali suka ce sammu ne ko iska, ba na ɓata bakina wajen musu. Cewa nake a yi addu'a, a kuma je asibiti. Hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali kowa ya san shi.

Akwai kuma tsoron magani da ake ɗauka a WhatsApp. A wani gwaji da aka yi a Landan, aka wallafa a 2020, an samu mutum 60 da suka daina shan maganin rage kitsen jini saboda yana sa su ciwon jiki. Aka riƙa ba su wani wata maganin gaske, wani wata ƙwayar da babu komai a ciki, ba su san wanne ne wanne ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da maganin gaske sun ji shi da ƙwayar banza. Ciwon na gaske ne, amma tsammani ne ya kunna yawancinsa. Idan magani ya dame ka, koma ka ce a canza maka, kada ka jefar a shiru.

Masu cewa sai hankalinsu ya kwanta za su fita su motsa jiki kuwa sun juya abin. Tafiyar minti 30 sau 5 a mako ita ke taimaka wa hankalin ya kwanta. Waya a kan matashi har ƙarfe biyun dare, da kodin ko tiramol don "a kashe tunani", ƙara wa wuta fetur ne.

Gwaggo dai ta koma shan maganinta, ko da yake har yau ta kafe a kan cewa tunani ne. Na daina gardama da ita. Abin da na yi shi ne na fito da kwanon samirar daga ƙarƙashin gado na ajiye shi kusa da carbinta, inda hannunta ke kaiwa bayan sallar asuba.